IYAKAR DA AKA JA A KAN RUWA

Jama'a, mai awon gero a kasuwar Kurmi ya iya cewa, "Me ya haɗa ni da teku?" To, ruwa ba ya tsami banza. Man fetur da a ke haƙowa a ƙarƙashin teku, kuɗinsa na cikin abin da a ke raba wa jihohi kowane wata. Wannan rabo shi ne rijiya da asibiti da hanyar kasuwarku.

Ga yadda maganar ta ke. Tsarin mulkin 1999 ya ce jihar da aka samo arziki a ƙasarta, a ba ta aƙalla kashi 13 cikin 100. Sai gardama ta tashi: ina ƙasar jiha ta ƙare? Jihohi takwas na bakin teku, daga Ikko har Kuros Riba, suka ce ƙasarsu ta shiga har cikin ruwa. A 2002 Kotun Ƙoli ta yanke cewa iyakar jiha ita ce inda ruwa ke tsayawa in teku ya janye, abin da ke gaba kuwa na Tarayya ne. Aka yi ta kuka. A 2004 aka yi doka cewa, wajen rabon kuɗi kaɗai, a lissafa wa jiha har inda zurfin ruwa ya kai mita 200. Jihohin Arewa 19 da waɗansu uku suka kai ƙara, kotu ta kore ta a 2005.

Ku dubi nauyin wannan layi. Da aka miƙa Bakasi ga Kamaru a 2008, sai aka ce Kuros Riba ba ta taɓa teku, a 2012 kuma kotu ta bar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76.

Mu dai ba mu jin ƙyashin kashi 13. Masuncin da mai ya kashe wa kifi ɗan'uwanmu ne. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni ya iya cin shekara 25 zuwa 30. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Manya sun yi shari'a a kan layi, wa ya yi shari'a a kan inda kuɗin suka shiga?

Don haka kada wani ya zuga ku da cewa 'yan Kudu sun cinye rabonku. Ku tambayi wakilinku: nawa jiharmu ta karɓa a watan jiya, me aka yi da su? Muna neman a riƙa manna lissafin nan a ƙofar kowace kasuwa, da Hausa, boko da ajami. Ku da ku ke biyan kuɗin rumfa kun san awo. Ku sa su auna a gabanku.