Daga kwaɗo zuwa zanen yatsa: Wa zai zo idan ƙararrawa ta kaɗa?

Duk wanda ya sauka a manyan otal-otal na Abuja ko Kano ko Kaduna a shekarun nan ya san an daina miƙa wa baƙo mabuɗin ƙarfe, kati ake ba shi ya kara a jikin ƙofa ta buɗe. Abin da ya faro daga otal yanzu ya shiga sababbin rukunin gidaje da ofisoshi da wasu shaguna, inda ake girka makullan da ke buɗewa da lambobin sirri ko zanen yatsa ko manhajar waya, haɗe da kyamarori da ƙararrawar da ke kururuwa da zarar an taɓa taga. Masu tallar kayan na yi wa mai gida alƙawarin barci har da minshari. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, domin kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya bi dala. Ya dace ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke shirin zuba guminsa a ciki ya san ainihin abin da yake saye, kuma tarihin na'urorin ya fayyace shi sarai.

Ƙararrawar ɓarayi mai aiki da lantarki ta girmi ƙwan fitila. A ranar 21 ga Yunin 1853 wani Ba'amurke mai suna Augustus Russell Pope, mazaunin kusa da birnin Boston, ya samu takardar mallakar fasaharta. Dabarar mai sauƙi ce: a ja waya daga ƙofofi da tagogi zuwa batir da ƙararrawa, da zarar an buɗe ɗaya daga cikinsu sai wayar ta haɗu, ƙararrawa ta kama kaɗawa. Wani ɗan kasuwa, Edwin Holmes, ya sayi fasahar a 1857, da ya ga kasuwa ba ta buɗe masa a Boston ba sai ya koma New York a 1859, inda ɓarayi suka fi yawa, masu dukiya kuma suka fi tsoro.

Ba a daɗe ba aka gano gibin da ke cikin dabarar. Ƙararrawar da ke kaɗawa a shagon da babu kowa, cikin tsakar dare, ɓarawo kaɗai take sanarwa cewa ya gaggauta. Don haka a shekarun 1870 Holmes ya ja wayoyin abokan cinikinsa zuwa cibiya guda inda ake kwana ana sauraro, shi kuma kamfanin American District Telegraph, wanda aka kafa a 1874 kuma ake kira ADT a yau, ya rarraba birni shiyya-shiyya, kowace shiyya da ofishinta da mutanen da za su ruga idan an kira. Tun daga wannan lokaci hajar da kamfanonin tsaro ke sayarwa ita ce mutumin da zai taso. Waya da ƙararrawa hanyar kiransa ce kawai, shi ya sa har gobe ribarsu a kuɗin wata-wata take.

Ko kyamarar ƙofa da ake yayi yanzu, rashin mai zuwa ne ya haife ta. Marie Van Brittan Brown, wata baƙar fata ma'aikaciyar jinya a unguwar Queens ta New York, takan kwana ita kaɗai a gida a unguwar da 'yan sanda ke jinkirin amsa kira. A 1966 ita da mijinta, wanda masanin kayan lantarki ne, suka nemi rajistar wani tsari da ya haɗa kyamara da allon talabijin da abin magana da baƙo da maɓallin buɗe ƙofa daga nesa, aka ba su a 1969. Kusan duk abin da ake tallatawa yau a matsayin sabo yana cikin wannan zane.

A Amurka kanta zancen wa zai zo bai mutu ba. Nazarin da Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta wallafa ya nuna cewa kashi 94 zuwa 98 cikin 100 na kiran ƙararrawa da 'yan sanda ke amsawa na banza ne, ko dai mai gida ya manta lambarsa, ko dabba ta gifta, ko na'ura ta samu matsala. Birnin Salt Lake ya gaji, a shekarar 2000 ya yanke cewa 'yan sandansa ba za su fita ba sai wani ya tabbatar da idonsa cewa an fasa gidan. Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar daban: ƙararrawar gida tana haɗe da kamfanin da ke da motocin sintiri da masu gadi ɗauke da bindiga, har yawan masu gadi na kamfanoni a ƙasar ya zarce na 'yan sanda nesa ba kusa ba.

A Najeriya babu ɗaya daga cikin biyun da ya tsaya da ƙafafunsa. 'Yan sandan ƙasar ba su kai 400,000 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Akwai lambar kiran gaggawa ta 112 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta samar, amma ɗaukar kira daban, isowar mota daban. Dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta haramta wa masu gadi na kamfanoni riƙe bindiga, don haka tsarin Afirka ta Kudu ba shi da mazauni a nan ko da mutum na da kuɗin biya. Aikin kyamarorin tsaro na Abuja da wasu birane, wanda aka bai wa kamfanin ZTE na China a 2010 kan dala miliyan 470, ya zama abin da majalisa da kotu suka yi ta bincike a kai ba tare da jama'a sun ga amfaninsa ba. Abin da ya rage ga mai saye shi ne na'urar da ke aika saƙo zuwa wayarsa. Ɗan kasuwar da ya tafi saro kaya Guangzhou ko Dubai zai iya kallon yadda ake kwashe masa shago kai tsaye, hoto tangaran, ba shi da abin yi sai neman wanda zai ɗaga waya da ƙarfe uku na dare. A aikace, mai amsa ƙararrawa a yawancin unguwanni shi ne wanda ya saba amsa ihu tun kaka da kakanni, wato maƙwabci da mai gadi da 'yan sintiri.

Tarihin makulli ya ɗan bambanta. Kubar da ke jikin yawancin ƙofofi, da ɗan siririn mabuɗinta mai haƙora, ƙirar Linus Yale ƙarami ce ta shekarun 1860, kuma ta yi fiye da ƙarni ba ta sauya sosai ba. Rauninta sananne ne: mabuɗi na ɓata, ana kuma yanka irinsa a bakin kasuwa cikin 'yan mintuna. Masu otal ne suka fi ɗanɗana kuɗarta, domin kowane baƙo na iya tafiya da mabuɗi ya dawo wata rana. Wani ɗan ƙasar Norway, Tor Sørnes, ya warware wannan a tsakiyar shekarun 1970 da katin roba mai huji-huji wanda ake sauyawa ga kowane sabon baƙo, kafin ƙarshen shekarun kuma wani babban otal a birnin Atlanta ya girka shi. Daga nan aka samu kati mai maganaɗisu, sai wanda ake karawa, sai lambobi da zanen yatsa. A Koriya ta Kudu makullin lambobi ya zama gama-gari a gidajen bene, har yaro na iya girma bai taɓa rataya mabuɗi ba.

Amfanin wannan makulli ga ɗan kasuwa na gaske ne, kuma rashin adalci ne a raina shi. Mai shagon da ke da yara huɗu ko biyar yana iya bai wa kowa lambarsa, ya san wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe, ranar da ya sallami ɗaya kuma ya goge lambarsa ba tare da kiran kafinta ko sayen sabon kwaɗo ba. Haka ma mai gidan haya da shugaban ofishin da ake ajiye takardu masu muhimmanci. Tun da sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sata da yawa a kasuwa da hannun na ciki ake yin ta, makullin da ke rubuta sunan mai shiga ya toshe wata kafa da kwaɗo bai taɓa toshewa ba.

Sai dai ya buɗe wasu. A 1851 wani Ba'amurke, Alfred Hobbs, ya buɗe makullin Bramah da aka yi shekaru ana cika baki a Landan cewa ba ya buɗuwa, amma sai da ya kwashe sa'o'i 51 yana fama da makulli guda. A 2012 wani matashin masanin kwamfuta, Cody Brocious, ya nuna cewa da 'yar na'urar da ba ta kai dala 50 ba ana iya buɗe makullan kamfanin Onity da ke jikin ɗakunan otal kimanin miliyan huɗu. A 2016 wasu masu bincike biyu sun gwada makullai 16 masu buɗewa da waya a wani taro a Las Vegas, suka buɗe 12. A 2024 aka bayyana wani rauni a makullan Saflok da ya shafi ƙofofi miliyan uku a ƙasashe 131. Makullin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ake fasa shi, na lantarki kuwa kuskure guda a manhaja yana shafar duk masu irinsa a lokaci ɗaya. Wani lokacin ma ba a buƙatar ɓarawo: a watan Agustan 2017 kamfanin LockState ya aika sabuntawar manhaja da ba daidai ba, makullai kusan 500 suka daina karɓar lambobi.

Akwai kuma batun sirri, wanda a gidan da ko zaure baƙo ba ya wucewa sai da izini ya fi na kuɗi nauyi. A 2023 kamfanin Ring, mallakar Amazon, ya amince ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta zarge shi da barin ma'aikatansa suna kallon bidiyon cikin gidajen mutane. A 2021 an ɗaure wani ma'aikacin ADT watanni 52 a jihar Texas saboda ya riƙa saka adireshinsa na imel a asusun gidajen da ya yi wa aiki, ya leƙa kyamarorin gidaje kusan 200 sau fiye da 9,600. Wannan ya faru ne a ƙasar da ke da hukumomin da ke bin sawu. A nan sau da yawa wanda ya girka kayan shi ke buɗe asusun, shi ke zaɓar kalmar sirri, ya karɓi kuɗinsa ya tafi da ita a kansa, mai gida bai ma san ana sauyawa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya zanen yatsa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, abin da ya kamata mai shagon da ke tattara na yaransa ya sani.

Wuta da sabis su ne sauran ginshiƙan. Makullin gida na lambobi galibi da ƙananan batura yake aiki, sukan yi watanni, kuma nagarinsa yana da ramin mabuɗi na ko-ta-kwana ko wurin jona batir daga waje idan ya mutu. Makullin maganaɗisu da ake yawan sakawa a ƙofofin gilashi na ofisoshi da shaguna kuwa wuta ce ke riƙe da shi, tana ɗaukewa yana sakin ƙofa, sai idan an haɗa masa batir na musamman. Kyamara da na'urar intanet su ma haka. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. A watan Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, domin yaƙi da 'yan bindiga, wato a daidai wuraren da aka fi buƙatar tsaro duk na'urar da ta dogara da sabis ta zama kurma. Shi ma zanen yatsa ba baƙo ba ne ga ɗan Najeriya: a zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta yi ta ƙin karɓar Shugaba Goodluck Jonathan a mazaɓarsa, hukumar JAMB kuma ta gargaɗi ɗalibai kan ƙunshi a yatsu. Bushewar fata a hunturu da kaushin hannun mai aikin ƙarfi duk suna rikita irin wannan na'ura. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Sannan ɓarawon nan ba kasafai yake zaman buɗe makulli ba. Yana datse kwaɗo, ko ya ɓalle ƙyauren da katakonsa, ko ya ɓullo ta rufi, don haka makullin dubban ɗaruruwan Naira a jikin ƙofar falanki ado ne. Ɗan fashi kuwa mai gidan yake sa wa bindiga ya buɗe da kansa. A Malesiya a 2005 wasu ɓarayi sun sare yatsan wani mai motar Mercedes domin motar ba ta tashi sai da zanen yatsansa. A gidan da aka girke ƙarafa a kowace taga, tambayar da ta fi ta ɓarawo gaggawa ita ce ko yaro ko tsohuwa za su iya buɗe ƙofar daga ciki, a cikin duhu da hayaƙi, idan gobara ta tashi.

Inda waɗannan kaya za su fi yin tasiri a Arewa shi ne inda tuni akwai masu zuwa. Manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa a Kano suna da ƙungiyoyi da shugabanni da masu gadin dare da ake biya daga aljihun 'yan kasuwa, rukunin gidaje da yawa kuma suna da ɗakin gadi a bakin ƙofa. Haɗa ƙararrawar shaguna, ta sata da ta hayaƙi, zuwa ɗaki guda mai sola da batir inda wani ke kwana a farke, shi ne tsarin shiyya-shiyya da New York ta fara shekara 150 da suka wuce, kuma ya fi sauƙi a yanzu tun da ba sai an ja waya ba. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 cikin dare ta tashi, lokacin da masu shagunan ke barci a gidajensu.