BA ASIRI BA NE YA FASA BINDIGAR, MU DAINA YAUDARAR KANMU

Jiya na je asibiti duba wani ɗan sa-kai na ƙauyenmu. Ƙaramar bindigarsa ƙirar gida ta tarwatse a hannunsa, yatsu uku sun tafi. Ina zaune 'yan dubiya na ta cewa wai ɓarayin daji ne suka yi mata asiri. Haba jama'a! Wane irin asiri kuma?

Na tambaye shi, ya ce wani ya sayar masa da harsashi "mai zafi", wai ya fi kashe kaifin maganin bindiga.

To ku saurara. Harsashin 9mm na yau da kullum, matsin da yake yi a cikin bindiga yakan kai psi 35,000. Tayar motarka kusan 35 take ɗauka, kenan ninki dubu. Wanda ake rubuta wa +P yakan kai 38,500. Ko bindigar kamfani ce, in ka dimanci irinsa sifirin zai saki da wuri, ƙarafan da ke kai-komo su riƙa dukan juna, tsaga ta fara inda ido ba ya gani.

Sojojin Amurka ma sun ɗanɗana. A shekarun 1980 ƙarfen saman wasu bindigogin Beretta M9 ya karye, ya daki masu harbi a fuska. Kamfanin ya ɗora laifin kan harsashi mai matsi fiye da kima, daga baya aka gyara ƙirar. A Ingila kuwa, tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a Birmingham, ana gwada su da matsin da ya zarce na aiki kafin a sayar. To bututun da aka yi wa walda a bayan kasuwa fa, wa ya gwada shi?

Ba na zargin talakan da aka kore wa shanu. Shugabanni nake tuhuma. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Faɗa da baki ba wuya. Amma ina horon? Wa ke duba abin da yaran nan ke riƙewa cikin dare?

Mu kuma mu daina fakewa da asiri. Duk ranar da muka ce sammu ne, mai sayar da harsashin ya sha, gobe wani yaron zai saya.

Wanda na dubo manomi ne, ga damina ta kawo kai. Wa zai riƙe masa fartanya?

Allah Ya ba shi lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.