Tsofaffin kuɗɗin kakanninmu suna ƙarewa a tabarmar ƴan koli

 Yau mun aje makirfo mun ɗauki alƙalami, don maganar da ke cin mu a rai ta fi ƙarfin minti goma na filin gaishe-gaishe.

Waɗanda sunka san mu sun san cewa bayan aikin radiyo muna da wata ƴar sana'a da abokai ke yi mana dariya a kanta, wato tara tsofaffin kuɗɗi. Muna bin kasuwannin mako, daga nan Dakoro zuwa Kornaka da Sabon Mashi, wani lokaci har Maradi, muna leƙa tabarmar ƴan koli da ta maƙeran fari. In mun ga tsaba mai tarihi mu saya mu aje. In mun samu biyu iri guda mu saida ɗaya, mu samu na esansin moto. To mu masu saye ne, kuma masu saidawa ne, duk abin da za mu faɗa a nan da mu a ciki.

Bari mu fara da laifinmu.

Wata bazara, lokacin da rumbuna sunka yi ƙasa, wata tsohuwa ta tsaya gabanmu a kasuwa ta kwance bakin zanenta. Tsaba uku manya, farare, sun yi duhu don tsufa. Ta ce: "Ɗana, wanga abu shina da amfani? Na uwata ne, hatsi nika so in auna." Munka ce: "Inna, kawo mu gani." Munka ba ta jikka biyu-biyu, ta karɓa tana sa mana albarka har ta ɓace cikin mutane. Bayan sati biyu wani maƙeri a Maradi ya ɗora ɗaya a sikeli, ya buga ta a dutse ya ji ƙararta, ya yi mana tayin sama da jikka goma. A nan take murna munka yi. Sai a hanyar komowa gida lissafin ya fara damunmu: tiya nawa na hatsi munka cire daga tukunyar tsohuwar nan? Mun koma kasuwar sau da dama ba mu sake ganin ta ba. Tsabar ukun suna nan wurinmu, mun kasa saida su.

Abin da ta kawo shi ne dalar azurfa mai hoton mace a gefe guda, da tsuntsu mai kai biyu a ɗayan gefen. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Otiris da ta rasu a 1780, kuma wannan shekarar ce za ku gani rubuce a jikin kusan kowace. Kada shekarar ta ruɗe ku. An ci gaba da buga dalar da shekarar 1780 har bayan mutuwarta, a Biyana da wasu birane irin su Rum da Landan da Paris da Bombai, an buga ɗaruruwan miliyoyi, har yau ma ana buga ta. Nauyinta giram 28 ne, wajen giram 23 a ciki tsantsar azurfa. Ke nan ba za ta sa mutum ya zama miloniya ba, amma kuma ba abin jikka biyu ba ce. Farashinta na bin farashin azurfa a duniya.

Wannan dalar tana bakinmu kullum ba mu lura ba. A lakkwal mushe ya ce faran ɗari, in munka komo gida inna ta ce dala ashirin, kuma ba mu tuna ranar da wani ya tsaya ya bayyana mana dalili ba. Sunan dala daga irin waɗannan manyan tsaba na azurfa ya fito. Da Faransawa sunka zo da tasu babbar tsabar azurfa ta faran 5, mai giram 25, sai sunan ya koma kanta, shi ya sa har gobe muke ƙirga kuɗɗi biyar-biyar. Ita kanta kalmar kuɗɗi jam'in wuri ce, ƴan ƙananan bawon teku da ake kawowa tun daga tsibiran Maldib. Baturen nan Barth, da ya biyo ta Tasawa a farkon 1851, ya ga yadda ake zube wuri a ƙasa ana ƙirgawa biyar-biyar, a Kano kuma ya tarar dala guda tana cin wuri 2,500. In kun ji tsoho ya ce ba shi da ko tamma, faran guda yake nufi. In kun ji ya ce ko anini, to ya yi fatauci a kudu, don anini da kwabo mai huji da sisi da sule kuɗɗin Ingilishi ne da sunka yi yawo a Najeriya kafin naira ta zo a 1973.

Duk waɗannan suna nan a gidajenmu. Suna cikin kwalla da adudun kakanni, suna jikin kitson matan Fulani, suna cikin kayan adon matan Buzaye. Akwai ƴan faran 1 da faran 2 na sanholo na 1948 masu kan barewa, daga farkon zamanin sefa, wadda anka ƙirƙiro ranar 26 ga Disamba 1945. Kowace tsaba da labarinta: wannan sadakin wance ne, wannan kuɗɗin raƙumin da anka saida a shekarar fari ne, wannan kaka ya zo da ita daga Kano a ƙasa.

To ina suke tafiya? Mu da ke zaune a kasuwa mun ga hanyoyi uku.

Ta farko wutar maƙera. Azurfar dala mai kyau ce, ana narka ta a yi zobe da munduwa da sarƙa. Ba mu ga laifin maƙeri ba, sana'arsa ce tun kaka da kakanni. Amma abin da ya shiga wuta ya tafi ke nan.

Ta biyu dillalai masu bi gida-gida. Su zo ƙauye da rana tsaka lokacin da maza ke gona, su saye a wulaƙance, su haɗa su miƙa Maradi ko Yamai ko Kano, daga can wasu su ƙetare teku. Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Tukwane da mutum-mutumin ƙasa na Bura, can yammacin ƙasa, haka anka yi ta tone su ana fitarwa har sunansu ya shiga jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. Muna da doka ta 1997 da ke kare kayan tarihi, muna da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai tun 1959. Sai dai tsohuwar da ke wani ƙauye a kwarin Tarka ba ta san da doka ba, dillali kawai ta sani.

Ta uku ita ta fi ciwo, wato damfara. Kun sha jin saƙon murya a WhatsApp: wai ana neman kwabo mai huji na shekara kaza, wai akwai wani sinadari a ciki, wai wani bature zai biya miliyoyi. Yadda abin ke tafiya kullum iri guda ne. Wani ya kira ka ya ce yana neman tsabar ido rufe. Kwana biyu wani daban ya ɓullo da irinta yana saidawa. Kai kuma ka ga banza ta faɗi, ka saida rago ko ka ci bashi ka saya. Daga ranar lambobin biyu sun daina shiga. Mun san magidancin da ya yi asarar kuɗɗin takin daminarsa ta haka, kunya ta hana shi faɗa wa ko matarsa. Jama'a, kwabo mai huji an buga shi da ɗimbin yawa, mafi yawansu kuɗɗinsu kaɗan ne. Babu wani sinadarin asiri a ciki.

Abin da ya haɗa hanyoyin nan uku guda ne: ciniki a ɓoye, tsakanin wanda ya sani da wanda bai sani ba. Mu ma ta wannan ƙofar munka cuci tsohuwar nan. Ba mu yi mata ƙarya ba, shiru kawai munka yi, shirun kuwa ya isa.

A Faransa da Amurka masu tara tsaba suna da ƴan ƙananan taruka a garuruwan da ba su fi namu girma ba. A kama ɗakin taro na yini guda, kowane mai saidawa ya biya kuɗɗin tebur, ya baza kayansa da farashi rubuce. Mai gadon tsaba ya zagaya tebur uku ko huɗu yana tambaya kafin ya saida. Akwai sikeli, akwai madubin ƙara girma, akwai littafin da ke nuna shekarar kowace tsaba da yawan da anka buga. Amfanin taron shi ne mai saye ba shi iya yin rowar sani, don na kusa da shi yana jin abin da yake faɗa.

Mu fa ba baƙin wannan tsari ba ne. A kasuwar bisashe ta Dakoro wa ke saida sa a bayan ɗaki? Ana kawo shi fili, dillalai su taru, a yi tayi a ƙi, a yi tayi a sallama, kowa na gani. Abin da muke yi wa akuya shi muke roƙo a yi wa dalar kaka.

Ga shawararmu, kuma ba ta bukatar purojen wata ƙungiyar waje. Sau biyu a shekara, bayan girbi da kuma kafin damina, a ware rumfa guda ranar kasuwa ko aji guda a lakkwal. A aje sikeli mai auna giram da mayen ƙarfe. A zaunar da maƙerin fari guda, da malamin tarihi guda, da wakilin sarkin kasuwa. Duk mai tsohuwar tsaba ya kawo a auna mishi kyauta, a gaya mishi ko mi ce ce da abin da azurfarta ke yi a ranar. In yana son saidawa, masu saye su yi tayi a bainar jama'a. In ba shi so, ya maida abinsa aljihu. Kafin ta bar wurin a ɗauki hotonta da salula, a rubuta labarinta a littafi. Ko da tsabar ta tafi Kano, labarin ya tsaya Dakoro. Mairi ba abin da za ta kashe in ban da izini da benci biyu. Mu kuma mun ɗauki alkawarin sanarwa a radiyo da kawo namu tarin don yara su gani su taɓa.

Mun san abin da wasu za su ce: ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, ku kuna zancen kwabo. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muke maganar. Mai ƙoshi ba shi kwance dalar uwarsa. Mai yunwa ke saidawa, shi ne kuma ya fi bukatar a biya shi daidai. Ba mu ce kowa ya riƙe tsaba iyalinsa na kwana da yunwa ba. Ciki ya riga tarihi. Amma in za a saida, a saida da ido buɗe.

Wasu kuma za su ce fito da abin fili kiran ɓarayi ne. Wannan tsoron yana da tushe. Don haka ba a rubuta sunan kowa ko unguwarsa a littafin, kuma mai tsaba goma ya kawo guda ɗaya ta isa a gane sauran.

Abokan sana'armu ma mun san ba duka za su ji daɗi ba, don ribarmu za ta ragu. To ta ragu. Ribar da ke fitowa daga rashin sanin tsohuwa mun ɗanɗana ta, ba ta da daɗin kwana.

Kafin a kai ga rumfar, ga abin da kowa zai iya riƙewa. Kada ku goge tsohuwar tsaba da toka ko yashi ko lemun tsami, masu tarawa sun fi son ta da duhunta, gogewa rage mata daraja take yi. Azurfa ba ta bin mayen ƙarfe, in ta manne to ba ita ba ce, ko da yake rashin mannewa kaɗai bai isa shaida ba, sai an haɗa da nauyi. Wadda anka huda ko anka yi wa kunne don ado ta rage kuɗɗi wajen masu tarawa, amma azurfarta na nan. Kada ku saida wa mutum na farko da ya taya. Kuma duk wanda ya ce ku fara biyan wani abu kafin a saye kayanku da miliyoyi, ku kashe waya.

Wani abu na ƙarshe. Waɗanda sunka yi wayo a Janairun 1994 sun tuna daren da darajar sefa ta rabe biyu. Yanzu kuma ana ta maganar sabon kuɗɗi a ƙasashen AES. Ko ya zo gobe ko ya daɗe, kuɗɗi ba su dawwama: wuri ya wuce, tamma ta wuce. Dala biyar ɗin da mai shago ke hana ku canji da ita yau, wata rana jikokinku za su juya ta suna tambaya wane irin kifi ne wannan a jiki. Ku aje musu guda-guda, ku gaya musu abin da take saye a zamaninku.

Ku je ku gaida kakanninku, ku roƙe su su buɗe muku adudu, ku zauna ku ji labari tun suna da rai. In kuma akwai wanda ya san wata tsohuwa da ta saida dala uku na uwarta a kasuwa wata bazara, ya gaya mata tana bin mu bashi, kuma kayanta na nan.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mu da cin haƙƙin wani. Sai mun haɗu a filinmu na gaba.