Ku Daina Kai Masa Burodi da Shayi

'Yan'uwa, muna da wata al'ada wadda ba mai kushe ta, watau ba a zuwa dubiya hannu rabbana. In an ce wane yana kwance, sai ka biya wajen mai tireda ka sayi burodi mai laushi, da gwangwanin madara, da sukari, ka kai. Mu da muka yi makarantar Mishan ma mun fi kowa, don tun muna yara aka cusa mana cewa burodi da shayi shi ne abincin marar lafiya. To, akwai majinyacin da wannan alheri yake cuta, ni kuwa da hannuna na cuci wani.

Wani aminina ne, mai sayar da atamfa. Ƙiba ta yi masa yawa, ga ciwon sukari, ga hawan jini, har ta kai ba ya iya salla sai a zaune. Ya sayar da filinsa, aka yi masa aikin rage tumbi. Kwana ashirin da aikin na tafi gaishe shi da burodina a hannu. Ya ce likita ya hana. Tsohuwarsa ta ce, "Haba ɗan nan, wane irin likita ne zai hana mutum burodi? Abokinka ya kawo, ka ci ko loma biyu ce." Ni ma na sa baki. Don kunya ya tsoma a shayi ya haɗiye. Kafin in miƙe ya dafe ƙirji, yawu na zuba, yana ta kakarin amai. A asibiti muka kwana. Allah ya kiyaye, ɗinkin bai buɗe ba.

Rashin sani ne ya kai ni, shi ya sa na bi na tambaya, ga kuwa abin da na samo.

Tumbin mutum yana iya ɗaukar lita guda ko fiye. A aikin da aka yi wa aminina, ana yanke wajen kashi 80 cikin 100 a cire, a bar wani siriri kamar ayaba. Akwai wani irin kuma, wanda wani likita Edward Mason ya fara a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1966, inda yau ake ware 'yar jaka kamar girman ƙwai a haɗa ta da hanji. Ko wanne aka yi, hanyar abinci ta ƙuntata, kuma makonnin farko a kumbure take.

Yanzu ku gwada wannan. Ku ɗebi tsakiyar burodi sabon gashi, ku ɗan jiƙa, ku mulmula a tafin hannu. Me ya zama? Curi mai danƙo kamar ƙullu. Haka yake zama a ciki, ya je ya toshe ƙofar. Laushin nan da muke yaba wa mai gidan burodi a kansa shi ne aibinsa. Gurasa ma haka, da fanke, da taliya, da shinkafa, har da lomar tuwo in an haɗiye ta yadda muka saba, ba tauna.

Shayin kuma laifinsa biyu. Ruwa a kan abinci yana cika ɗan wurin da ya rage, don haka likitoci suka ce a bar wajen minti 30 tsakanin ci da sha. Na biyu sukari. In ya zarce hanji da sauri, musamman ga wanda aka yi wa jakar nan, sai jiri da gumi da bugun zuciya da gudawa su taso cikin rabin sa'a. Burodin namu kuwa kun sani da sukari ake kwaɓa shi.

Wani zai ce to shi ke nan, ya rabu da burodi har abada? A'a, layi ne, burodi kuwa a ƙarshensa yake. Galibi mako biyun farko ruwa-ruwa ne kawai. Sai abin da aka niƙa ya yi sumul, sai mai taushi kamar alale da ƙwai da dafaffen kifi. Wajen mako shida zuwa takwas ake komawa abincin gida, wasu kuma sai sun yi wata uku kafin cikinsu ya karɓi burodi. Ranar da likitansa ya yarda, a yanka siriri, a gasa har ya bushe ƙamas, domin gasasshe farfashewa yake yi, ba ya curewa. A fara da kwata, a tauna kowace loma sau ashirin, kada a haɗa shi da wani sabon abinci a rana ɗaya, don a san mai laifi in ciki ya ƙi. In ya tsaya a ƙirji, a bar shi mako biyu a sake gwadawa. In kuwa amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti ran nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Amma babban dalilina ba toshewar ba ce. Ku 'yan kasuwa kun fi ni sani, mai ƙaramar rumfa ba ya cika ta da kayan da ba riba. Mutumin nan ana so ya sami giram 60 zuwa 80 na abin gina jiki kowace rana, cikinsa kuwa 'yan cokula yake ɗauka. Duk lomar burodin da ta shiga, wurin ƙwai ko wake ko kifi ta ci. Shi ya sa ake fara cin waɗannan, in wuri ya rage sannan burodi.

Na ji masu cewa ai wannan cutar masu kuɗi ce, ina ruwan talaka? Aminina ba mai kuɗi ba ne, fili ɗaya gare shi, shi ya sayar don ya ga girman 'ya'yansa. Mu da ba mu ba shi ko kwabo ba, mu ne muka kusa ɓata aikin da "ci mana, ci mana". Haka kuma za a yi masa a rumfa, in an zauna kan kwano ɗaya ya tsame hannu bayan loma uku, a ce yana rowar kansa ko yana ƙyamar mutane. Ku bar shi. In za ku dubiya, ku kai ƙwai ko kindirmo marar sukari, ko ku ba shi kuɗin ya sayi bitamin, don wannan har ƙarshen ransa zai sha.

Watansa biyar ke nan. Ran Juma'a na tarar da shi da rabin yanka, gasasshe, da ƙwai ɗaya, ya fi kwatan sa'a a kai. Tsohuwar ce da kanta ta gasa masa a kan murfin tukunya, kofin shayin kuwa ta ɗauke ta kai ɗaki.