Takardar da Ke Gaya wa Na'ura Iyakarta

Mutanen Araba, a ƙaramar hukumar Illela, ba sa buƙatar a yi musu bayanin iyaka. Birnin Ƙonni na nan a tsallake, kuma a idonsu aka rufe bodar a Agustan 2019, aka buɗe ta a Disambar 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai. Sun san asarar da ke cikin a yi lodin kaya ba a tabbatar da inda mota za ta iya kaiwa ba. Irin wannan iyakar tana nan a cikin wayar Tecno ko itel da ke aljihun dillalin albasa, domin kowace waya mai Android a kan zuciyar manhajar Linux take tafiya, kuma a cikin wannan zuciyar akwai wata ƙa'ida da aka daɗe ana yi wa gurguwar fahimta.

Ga yadda abin yake. Kowane gurbi a ma'adanar na'ura, wato RAM, yana da lambar adireshi. Sassa irin su kyamara da katin intanet da faifan ajiya ba sa jiran ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi musu dako. Da kansu suke zuba bayanai a ma'adana su kwasa, abin da ake kira DMA. Sai dai kowane sashe da tsawon hannunsa. Mai layukan adireshi 24, irin na kwamfutar IBM ta 1984, ba ya wuce megabayit 16 na farko. Mai 32 yana tsayawa a gigabayit 4. Duk abin da ke sama da nan, a wurinsa ƙasar waje ce. Ƙaramar manhajar da ke sarrafa sashen, wadda ake kira direba, ita ce ke da alhakin shaida wa Linux wannan iyaka, kuma idan ta yi shiru, ga mafi yawan na'urori sai a ɗauka 32 ne.

Kuskure a nan yana da fuska biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Idan direba ta rage wa sashen ƙarfi, Linux zai riƙa kwafe bayanan zuwa wani ɗan zango da hannun sashen ke kaiwa, kamar a sauke buhuna daga tirela a mayar da su ƙaramar mota. Aiki zai yi nauyi, kuma zangon, wanda bisa al'ada megabayit 64 ne, yana iya cika. Idan kuwa ta yi masa ƙari, ta ce yana kaiwa inda ba ya kaiwa, sai saman lambar adireshin ya guntule, bayanai su sauka a gidan da ba nasu ba. Na'urar ba lallai ta yi ƙorafi ba. Wataƙila sai bayan kwanaki a tarar fayil ya lalace, ba wanda ya san dalili.

Wannan ba tatsuniyar tsofaffin na'urori ba ce. Raspberry Pi 4, ƴar ƙaramar kwamfutar nan mai araha da ta fito a 2019, tana iya zuwa da gigabayit 4, daga baya har 8, amma da yawa daga sassanta gigabayit ɗaya na farko kawai suke iya taɓawa. Sai da aka yi wa Linux gyara na musamman domin a ware musu wannan yanki.

To, daga ina marubucin direba ke koyon wannan duka? Daga takardun bayani da ke tafe da Linux, musamman jagorar da David Miller da Richard Henderson da Jakub Jelinek suka rubuta. Shekaru da yawa jagorar tana koyar da cewa a fara neman 64, in an ƙi a koma 32. Aka yi ta kwafar misalin daga wannan direba zuwa waccan, har bayan Linux ya canza ta yadda neman 64 ba ya cin tura. A 2019 Christoph Hellwig ya sake rubuta sashen. A farkon 2022 Christophe Jaillet ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana cire wannan reshe da ba a taɓa bi ta kansa. Duk da haka sai da aka ƙara gyara misalin a 2024, sannan a 2025 Petr Tesarik ya tattara bayanin iyakokin a wuri guda, ya fayyace yanayin da neman ke iya faɗuwa.

Gaskiya ne cewa wannan reshen bai lalata wa kowa fayil ba. Layuka ne matattu kawai. Ɓarnarsa a cikin kawuna take. Ya koya wa dubban masu rubuta manhaja cewa aikinsu shi ne lalube, su gwada wannan lamba su gwada waccan har injin ya amince, alhali abin da ake bukata daga gare su shi ne su faɗi gaskiyar ƙarfin sashensu, su bar wa Linux sauran. Wanda ya saba da lalube, ranar da ya gamu da sashe mai layuka 30 ko 36, shi ne zai rubuta lambar da ba ita ba. Ana iya zargin masu kwafa da lalaci, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai tsofaffin hannu da ke cewa takarda ba hujja ba ce, a je a karanta manhajar kanta, ita ce ba ta ƙarya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai magana ce ta mai gata. Injiniyan da ke aiki a Intel ko Red Hat, in ya rikice, zai leƙa ofishin gaba ya tambayi wanda ya rubuta abin. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko matashin da ya ƙware a gyaran waya yana son ya zarce zuwa rubuta manhajarta, takardar ce kaɗai malaminsa, da Turancin da ba na gidansu ba, da datar da ake lissafin kowane megabayit nata. Jimla guda mai harshen damo tana iya cinye masa mako. Kuma amsar tambayarsa a warwatse take cikin fayiloli da dama, kowane irin inji da nasa.

Shi ya sa bai dace a riƙa kallon gyaran takarda a matsayin shara bayan an gama gini ba. Kamata ya yi duk wanda ya sauya halin wani sashe na Linux a tilasta masa gyara bayaninsa a lokaci guda, kafin a karɓi aikin, kamar yadda kwastan ba ya sakin kayan da takardarsu ta saɓa da abin da ke cikin mota.

Sassan koyar da kwamfuta na jami'o'in Arewa ma suna da ƙofa a nan. Takardun Linux a buɗe suke, ta imel ake aika gyara, ba a tambayar fasfo ko shaidar digiri. Sabon shiga ma ya fi gwani ganin inda bayani ya cije, domin shi ne yake tuntuɓe a wurin. Malami na iya ba ɗalibai jagorar DMA ɗin da direba guda ɗaya ta katin intanet, ya ce su gwada abin da takardar ta ce da abin da direbar ke yi, su rubuto duk inda suka saɓa.