Wanda Ya Ajiye Kare Ya Ɗauki Nauyi

A unguwanni irin su Maitama da Asokoro a Abuja, gidaje da dama suna ajiye karnuka don tsaro. Galibi kuwa ɗawainiyarsu kan maigadi take faɗawa, kamar dai yadda ake yi a Ikko da Badun. Amma fa alhakin yana wuyan mai gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa da ciwon haukan kare daga karnuka suke ɗaukarsa, kuma in alamunsa suka bayyana, da wuya a tsira. Alhali kuwa ana haɗa allurar rigakafinsa a Vom, jihar Filato. Wajibi ne mai gida ya sa a yi wa kwikwiyo allura yana wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara.

Horo ma tun yana ƙarami ake fara shi. A riƙa fitar da shi wuri guda da asuba da bayan cin abinci, har ya saba da yin kashi a can. Duka ba ya koya masa komai sai cizo.

Maigadin da kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya garzaya asibiti. Kada ya ɓoye don tsoron kora. Albashi ba ya fansar rai.