Ina Ya Kamata Mu Aje Fitila?

A ƙauyukan Kiyeshe, kamar sauran ƙasar Arewa, babban abincin gida shi ne tuwon dare. Da rana hura ce ke riƙe manomi a gona. Sai bayan magariba ake sauke tukunya, iyali su taru, baƙo ya sami akushinsa. Ke nan girki da ci da karɓar baƙo duk cikin duhu suke faɗawa. Yau haske ya shigo gidajenmu, amma a ganinmu ba mu aje shi inda ya kamata ba.

Kakanninmu fitilarsu aci-bal-bal ce: ɗan kasko, man gyaɗa da lagwani. Haskenta kaɗan ne, amma sun yi mata mazauni. Magini in yana ɗaga bango, sai ya bar ɗan gurbi a jikinsa, shi ne alkuki. Iska ba ta kashe fitilar da ke cikinsa, yaro ba ya kai hannu, kuma hasken yana sauka kan tabarma daga gefe. Matan gida su shafe bango da farar ƙasa, su yi jeren ƙorai da tasoshi, hasken ya bugi jere ya dawo, ɗaki ya yi kyau. Daga baya fitilar ƙwai mai shan kananzir ta zo, sannan tocilar Sin mai cin pil, ga shi yanzu faifan hasken rana ya hau rufin ɗaki.

Kada kowa ya ce a jira wayar lantarki. An kafa kamfanin NIGELEC tun 1968, kuma tun 1976 wutar Kainji ke shigo mana ta Birnin Kebbi, amma har yanzu wajen mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a ƙasarmu, mafi yawansu a birane. Ko mutanen birni sun ga iyakar waya sa'ad da Najeriya ta yanke wutar daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. Ranar da ke ƙone mu a Dallol Mawri ita ce abin dogaro, kamar yadda marigayi Abdu Mumuni, shugaban ofishin ONERSOL wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya nuna tun da daɗewa.

To, ƴan'uwa, mu duba abin da ke faruwa in maigida ya sayar da wake ya sayo faifai da batir. Ampul na farko ɗakinsa. Na biyu ƙofar gida, inda ake shan shayi ana cajin salula. In da na uku, sai zaure. Madafa fa? Uwargida tana nan ta maƙale tocila tsakanin kunci da kafaɗa, hannu ɗaya da muciya, hayaƙi ya cika mata ido. A nan ne ruwan zafi yake, a nan ne kunama ke laɓewa cikin itace, a nan ne yaro ke rarrafe kusa da murhu. Abin da ya faɗa cikin miyar kuka ba ta gani ba, cikin maigida da na baƙonsa zai shiga. Wurin da ya fi kowane buƙatar haske shi aka hana, don kawai mai sayen fitila ba shi ke girki ba. Ampul na farko haƙƙin madafa ne. A rataye shi gefen da iska ke fitowa don kada hayaƙi ya baƙanta shi, kuma gaban mai girki, don kada inuwarta ta rufe tukunya.

Sai maganar baƙo. Mutumin Arewa ya san ba a kallon hannun baƙo yana ci. Shi ya sa ake aje masa akushi a zaure, a ɗan ja baya. Amma ga shi mun rataya farin ampul mai kashe ido daidai bisa kansa. Baƙo ya ji kamar an kawo shi gaban alƙali, ya taɓa loma biyu ya janye hannu saboda kunya. Da damina kuwa farin haske ya fi jan ƙwari, su yi ta kewaya ampul suna zubowa cikin miya. Ampul mai hasken rawaya-rawaya ya fi sauƙi ga ido, ƙwari ba su cika binsa ba, har fuskar mutum ta fi kyau a ƙarƙashinsa. A sa shi jikin bango, taki uku ko huɗu daga wurin ci. Yara kuma a koya musu cewa haska babba da tocila a fuska rashin ladabi ne. Ƙasa ake haskawa.

Ɗakunan siminti da kwano da ƴan ci-rani ke ginawa yanzu ba su da alkuki, bangonsu toka-toka yana shanye haske. Wannan aiki ne da malaman yaƙi da jahilci da ma'aikatan magajin gari za su iya gyarawa ba tare da kasafin kuɗi ba: a darasin dare a nuna wa ɗalibai bambancin fitila ɗaya a gaban farin bango da gaban baƙi, a kuma gaya wa magina su bar gurbin bulo ɗaya a zaure, ɗaya a madafa, daidai ƙirjin mutum, tun kafin a yi yaɓe.